Zanen Gawayi a Bangon Zaure

Talata, 1 ga Rajab 1284, da hantsi

Yau yara uku suka zo karatu. Uku, cikin goma sha tara.

Na shimfiɗa musu babbar tabarma kamar kullum, suka takure a gefe ɗaya kamar baƙi. Na biya musu, na yaba musu, na raba musu gyaɗa. Ba laifinsu ba ne. Iyayensu ne ke tsayawa a bakin ƙofa.

Takardun nan na saye su ne wurin fatake don in rubuta wa yara addu'o'i. Tun da ba mai saurarona a unguwar nan, bari in gaya wa takarda, don wanda ya karanta a bayana ya san ni Mu'azu ban cuci kowa ba.

Ga yadda aka yi. Kowace kaka Dabo, Sarkin Noman unguwarmu, yakan zo zaurena da goro ya ce, "Malam, ruwa ya ɗauke? Mu sara?" Ni kuma in duba lissafin taurari da nake zanawa da gawayi a bangon zaure, zane ɗaya kowace safiya, kowane tauraro kwana goma sha uku. In wanda ake kira Iklili ya shiga, sai in ce a sara. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Bana ma ya zo, na duba bango, na ce a sara. Aka buga gangar gayya, aka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, aka kwantar da dawar unguwa a ƙasa don ta sha rana. Ranar Larabar da ta wuce hadari ya taso. Kwana uku ana ruwa.

Gonata ce ta ƙarshe a jerin gayya, kamar kowace shekara, don ni da bakina na roƙa a riƙa barina ƙarshe. Ba a kai gare ta ba. Dawata tana tsaye, ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan shi ne laifina a wurinsu.

Lissafi ba ya ƙarya. Ruwa na Allah ne.

Laraba, 2 ga Rajab, bayan La'asar

Na je lambu na yi ban-ruwa. Jigon yana ƙara, yana son sabuwar igiya. Albasa fangali takwas duk ta kama, yalo ya cika, barkono ya fara ja. Kuɓewar da ta tsufa na bar ta ta zama iri.

Hanyar fadama duk wari take. Mata sun baza zangarniya a kan duwatsu, wata ta yi fumfuna baƙi ƙirin, wata ta yi tsiro fari-fari kamar gemun tsoho. Na sunkuyar da kai na wuce.

Na tarar da Dabo da mutanensa a gindin ɗorawa. Na ce, "Sannunku da aiki, Sarkin Noma."

Ya ce, "A'a, Malam mai taurari! Yau me sama ta ce? Mu shanya ko mu kwashe?"

Suka yi dariya. Mutumin da in ka rubuta masa alif zai ce sandar makiyayi ce.

Alhamis, 3 ga Rajab, da hantsi

Ba karatu yau da gobe. Na ji daɗi. Aƙalla zauren yana da dalilin yin shiru.

Asabar, 5 ga Rajab, bayan Azahar

Biyu.

Na jera allunan waɗanda ba su zo ba a jikin bango, na kakkaɓe su. Na Safiyatu na sa shi a gaba.

Safiyatu 'yar Dabo ce, kuma in ban da na ga haihuwarta da sai in ce ba tasa ba ce. Izu biyu ya rage mata ta sauke. Mun yi alkawari da ita kafin a ga watan azumi za mu kai ƙarshe. Tun da na fara koyarwa ban ga kai irin nata ba. Sau ɗaya ake biya mata. In ƙaramin yaro ya makale, kafin in juyo ta matsa kusa da shi tana nuna masa da tsinke. Sunayen taurarin ma ba wanda ya koya mata, tana zaune tana jina ina ƙirgawa har ta haddace su.

Ba zan kawo zancen abin da ta taɓa tambayata ba. Tambayar yara ce.

Uban da zai hana irin wannan yarinya sauka saboda dawa, me za a kira shi?

Lahadi, 6 ga Rajab, bayan Magariba

A da matan unguwa sukan shigo wurin Saude, matata, su sayi yalo da alayyafo, su zauna hira har sai an kira su. Kwana goma ke nan ko sallama ba a yi mata ba. Yau ta yanyanka yalon kwando guda ta shanya, alayyafon kuwa awaki suka ci.

Tana yankan ta ce, "Malam, bangon nan da na yaɓe da marka..."

Na ce, "Ki bar zancen bango."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da yanka. Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi ciwo.

Talata, 8 ga Rajab, da hantsi

Ɗaya. Shi ma uwarsa ta aiko a kira shi kafin ya wanke allo.

Awakina uku sun isa barbara. Kowace kaka bunsurun Dabo nake arowa ya kwana bakwai a turkena, in mayar da shi da damin harawa. Na danne zuciyata na je, don dabba ba ta san muna faɗa ba.

Bai ko tashi daga kan buzunsa ba. Ya ce, "Bunsuruna bai iya lissafi ba, Malam. Kada ya je ya ɓata maka kwanaki."

Na ce, "Ka bar Safiyatu ta zo. Izu biyu ne."

Ya ce, "Tana tsince mana ƙwayar da ba ta ruɓe ba. In ta gama tsince gona guda, sai in turo ta."

Daga yau ba zan ƙara rubuta sunansa a takardata ba. Tawada tana da tsada.

Laraba, 9 ga Rajab, da hantsi

Ba kowa.

Na yi zanen yau a bango. Lissafi ba ya ƙarya.

Asabar, 12 ga Rajab, bayan La'asar



Kowa ya san ba a buga gangar sakin dabbobi sai gona ta ƙarshe ta shiga rumbu. Tun kakanni haka ake yi. Gonata tana tsaye, suna ganinta, amma da sassafe suka buga. Ba wanda ya gaya mini. Ina zaune a zaure ina jiran yaran da ba za su zo ba, awakin unguwa suna cikin lambuna.

Fangali biyar na albasa sun tafi. Barkonon sun tattake shi. Kabewar da Saude ke tattali don azumi sun ƙwaƙule ta.

Ƙofar shingen da igiya na ɗaure ta, ƙulli biyu. Na tarar da igiyar a rataye a kan reshe, an naɗe ta tsaf. Akuya ba ta naɗe igiya.

Ni na raɗa wa rabin 'ya'yansu suna. Ni na wanke gawar iyayensu. Allah ya isa. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Lahadi, 13 ga Rajab, bayan Azahar

Bakoji ya sauko daga bakin daji. Shi ne Bafillatanin da ke zaunar da shanunsa a gonata bayan girbi, su ci kara su bar mini taki. Ya ga dawa a tsaye, tsuntsaye suna ta shagali a kanta.

Ya ce, "Modibbo, shanuna za su ci tsaye ne?"

Na ce ba mai zuwa mini gayya. Ya ce shi da ƙannensa biyu za su zo gobe da adda. Na rasa bakin godiya.

Da zai tafi sai ya tsaya yana sosa kunne. Ya ce, "Ka tuna na ce maka iska ba ta juya ba? Kwaɗi ma ba su yi shiru a fadama ba a lokacin."

Na ce na tuna.

Ya ce, "Ka ce mini shanu ba su karanta littafi ba." Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Gaskiyarka, har yau ba su karanta ba."

Shi ma da nasa. Kowa ya zama malami a kaina.

Alhamis, 17 ga Rajab, bayan La'asar

Dami arba'in da biyu. Rumbu ya cika har baki. Ƙwaya ja, busasshiya, in ka ciza sai ta ce ƙas.

Tasu ko an tsince ta an ci, ba za ta shuku ba. Abin da ya tsira sau ɗaya a ƙasa ba ya sake tsira. Duk unguwar nan irin baɗi a rumbuna yake, kuma sun sani. Na ga yadda suke kallon damin da ake wucewa da shi.

Su zo su roƙa. Shi ya fara zuwa, ya durƙusa a zauren da ya wofintar. Sa'an nan in duba.

Asabar, 19 ga Rajab, bayan La'asar

Ba kowa.

Ina gyaran shinge sai ga Safiyatu ta taso daga rafi da tulu. Ta waiga hagu da dama, ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, ina wuni?"

Na ce, "Safiyatu! Kina tilawa kuwa?"

Ta ce tana yi in tana daka, a hankali, don kada a ji. Na ce ta ja mini inda ta tsaya. Ta ja, tulu a kai, ko harafi ɗaya ba ta ci ba. Sai da na juya na yi kamar igiya nake nema.

Ta ce babanta ya ce Asabar mai zuwa za su tashi gaba ɗaya zuwa Kuyello wurin ƙaninsa, su ci rani a can, ya yi aikin da zai samo iri. Ba makaranta a inda za su.

Ta ɗauki hanya, sai ta dawo taku biyu. Ta ce, "Malam, ban gaya wa Baba ba. Ban gaya wa kowa ba."

Na ce, "Me?"

Ta dubi ƙasa, ta tafi.

Ban san abin da take nufi ba.

Lahadi, 20 ga Rajab, bayan Asuba

Na sani.

Litinin, 21 ga Rajab, bayan Azahar

Ranar da jar akuyata ta haihu da farkon damina na rubuta kwanan wata da sunan tauraron a gefen wani littafi, don in san lokacin yaye. Yau na ɗauko shi. Na zube ƙwayar wake a tabarma na ƙirga daga wannan rana zuwa yau, ban dubi bango ba.

Na ƙirga sau uku.

Ba zan rubuta abin da ya fito ba.

Na ba awaki dusa. Kaza mai wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai. Albasar da ta rage tana son taki.

Talata, 22 ga Rajab, bayan Magariba

Saude ta ajiye mini tuwo, ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, yau sai ka ji ni, ko ka ƙi ci. Da marka bangon zaure ya zube. Ni na kwaɓa ƙasa na yaɓe shi, zanenka duka ya tafi. Kwana nawa ka yi kana zazzaɓi kafin ka tashi? Da ka tashi ka sake zanawa da ka. Ina tsakar gida ina jin yarinyar nan ta ce, 'Allah gafarta Malam, kamar an tsallake tauraro ɗaya.' Me ka ce mata?"

Na ture akushin gefe.

Ta ce, "Ka ce ta koma kan allonta."

Na ce, "Su fa? Lambuna fa? Igiyar da aka naɗe fa?"

Ta ce, "Albasa fangali biyar. Su kuwa shekara guda. Kuma 'yar mutane tana ɗauke da kayanka a kanta, tana kallon ubanta yana tsince ruɓaɓɓiyar dawa, ta kasa magana don kada malaminta ya ji kunya. Shekararta goma sha biyu."

Ban ci tuwon ba.

Laraba, 23 ga Rajab, da hantsi

Ba kowa. Ban yi zane ba.

Har yanzu in na tuna fuskarsa a kan buzun nan haushinsa nake ji. Ina so a san wannan. Ba don shi zan yi ba.

Alhamis, 24 ga Rajab, bayan La'asar

Na hau rumbu ni da Saude. Mun ware dami talatin, masu manyan kai. Sha biyu ba za su kai mu damina ba. Ta ce akwai busasshen yalo da kuɓewa, akwai dankali a fadama, in ta matsa a sayar da akuya ɗaya. Ta faɗi haka kamar zancen miyar gobe take.

Juma'a, 25 ga Rajab, bayan Magariba

Da aka dawo daga Masallacin birni suka zauna a gindin ɗorawa kamar kullum. Na ɗauko dami ɗaya a kaina. Ban taɓa ɗaukar kaya a gaban mutanen nan ba. Rawanina ya karkace, wani ya fara dariya ya haɗiye.

Na sauke a gaban Dabo. Na rubuta sunansa, dole.

Ya ce, "Mun roƙe ka ne?"

Na ce, "Ba ku roƙa ba. Ku saurara, sau ɗaya zan iya faɗa. Ranar da na ce ku sara, Iklili bai shiga ba. Saura kwana goma sha uku. Bango ya zube da marka, na sake zanawa da ka, na tsallake tauraro ɗaya. Ruwa na Allah ne, amma ni na ce ku kwantar da dawarku a ƙarƙashinsa. Ban yi da gangan ba. Na ware dami talatin har da wannan, sauran suna gidana, a raba iri."

Wani tsoho ya yi salati.

Dabo ya ce, "Yaushe ka sani?"

Na ce, "Tabbaci, ranar Litinin. Amma tun da marka aka gaya mini, na ƙi ji."

"Wa ya gaya maka?"

"Safiyatu."

Ya ce, "'Yata? Tana zaune a gidana wata guda tana kallona?"

Na ce, "Kada ka taɓa ta. Ladabin da na koya mata ne ya rufe mata baki. Wannan ma nawa ne."

Ya miƙe, ya zare zangarniya ɗaya daga damin, ya murje a tafinsa, ya ciza. Ya ce, "Iri ne." Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Za mu kwasa, don namu ne. Kada ka jira godiya. Kuma goro na baɗi, ka cire rai."

Na ce, "Na cire."

Na juya zan tafi, wani daga baya ya ce, "Malam, ka gyara rawaninka." Ban san ko tausayi ne ko ba'a ba.

Kafin Magariba sun kwashe talatin ɗin. Ba wanda ya shiga ya gai da Saude. Zancen igiya kuwa ba wanda ya ɗauko.

Na jiƙa tsumma na goge bangon tas.

Asabar, 26 ga Rajab, da hantsi

Ba kowa. Na ji kukan jakuna a ƙofar gidansa tun da asuba. Ban leƙa ba.

Lahadi, 27 ga Rajab, da hantsi

Ba kowa.

Na dasa sabuwar albasa a fangali biyu. Shanun Bakoji sun shiga gona.

Litinin, 28 ga Rajab, da hantsi

Ina shimfiɗa tabarma, don hannu ya saba, sai na ji sallama.

Idanunta sun kumbura, amma ba alamar duka. Na duba sosai. Ta ce babanta ya tafi Kuyello shi da yayyenta, ita da uwarta ya bar su sai bayan Sallah.

"Ya ba ni saƙo, Allah gafarta Malam, amma ina jin nauyi."

Na ce ta faɗa yadda ya faɗa.

"Ya ce izu biyu, ba ƙari. Ya ce in ka ce mini rana ta fito, in leƙa waje in gani."

Na ce, "Ki riƙa leƙawa."

Ta ɗauki allonta ta zauna. Ina haɗa tawada na ga idonta yana kan bango, wurin da na goge. Na tambaye ta ko ta san inda muke.

Ta ce, "Ina zanawa a bayan rumbunmu tun da marka. Yau tauraron Ƙalbu yake cika sha uku. Gobe lokacin ɗari ya shiga."

Haka waken ya nuna mini.

Gawayin yana nan a kan taga inda nake ajiye shi shekara goma sha ɗaya. Na ɗauko na miƙa mata. Ta ƙi karɓa sai da na ce umarni ne. Tsawonta bai kai inda nake zanawa ba, sai ta yi nata a ƙasa, guda goma sha uku, a miƙe, tana ƙirgawa a fili. Sa'an nan ta goge hannu a zaninta, muka buɗe inda ta tsaya.

Yau ɗaya.